Adabin Yara: Daga Bakin Kaka Zuwa Littafi

Adabin yara a ƙasar Hausa ya girmi takarda. Da dare kaka kan tara jikoki ta ba su tatsuniyar yadda Gizo ya yi wa Kura wayo, a yi kacici-kacici, 'yan mata kuma su fita dandali waƙar gaɗa.

Zuwan boko ya shigar da hikaya cikin littafi. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daga baya littafin Magana Jari Ce ya mamaye makarantu.

Yau waya ta ƙwace hirar dare. Iyaye, ku saya wa yaranku littafin Hausa, ku zauna ku karanta musu.