Murar Tsuntsaye da Kajin Gidajenmu: Jawabi ga Taron Reshe



An nemi in yi magana a kan murar tsuntsaye. Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da ciwon kaji? To, mu duba bayan gidajenmu. Da yawanmu muna kiwon kaji hamsin ko ɗari domin cike giɓin albashi, kuma galibi matanmu da 'ya'yanmu ne ke ba su abinci, su share akurki, su tsinci ƙwai.

Cutar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da nau'inta mai tsanani, H5N1, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. A Janairun 2007 wata mace mai shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji kuma ya nuna wannan ƙwayar ce ta kashe ta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa tun daga 2003 an tabbatar da ita a jikin mutum sama da 800, kuma kusan rabinsu ba su tashi ba.

Ba ta cika tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Daga tsuntsu take shigowa, ta jininsa da majinarsa da kashinsa da ƙurar gashinsa, idan suka taɓa ido ko hanci ko baki. Nan ne nake so mu tsaya. Ranar da mai kiwo ya wayi gari ya tarar da kaji biyar sun mutu, sauran zankonsu ya yi baƙi, kai ya kumbura, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne a yi maza a yanka kafin a yi asara. Ban ga laifin zuciyar da ta raya haka ba, domin jarin nan wataƙila bashi ne. Amma wa ke riƙe kazar? Wa ke figewa, ya fasa ciki? Yara da uwargida. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da ƙwayar, domin zafin wuta yana kashe ta. Haɗarin yana wajen yanka da fiɗa, tun kafin a ɗora tukunya.

Saboda haka idan kaji suka fara zubewa, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a jefa mushen a juji inda karnuka da yara za su kai gare shi. A sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Su ne ke ɗaukar samfur zuwa cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato.

Wanda kuwa ya taɓa irin waɗannan kaji, sannan cikin kwana goma ya ji zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro ko jan ido, ya je asibiti a ranar. Kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa kajinsa sun mutu. In bai faɗa ba, za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, alhali maganin da ake ba mai wannan cuta, oseltamivir, ya fi aiki a kwana biyun farko.

Roƙona gare ku, a ware minti biyar a taron safe na makarantunmu a faɗa wa ɗalibai kada su ɗauki mataccen tsuntsu, kuma su wanke hannu da sabulu in sun fito daga akurki.