Jawabi Ga Iyaye Mazauna Kurmi

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, yara da yawa sun ga abin da babba ma ba ya son gani. Waɗansunsu suna tare da mu a Agege da Sabon Ibadan, ba sa barci, ƙaramin motsi ya firgita su. Mukan ce iska ce.

Alhali ciwon yana da masana, masu magani da zance, ba da allura ba. Yaro yakan yi shekara 4 a jami'a yana karatun halayyar ɗan Adam, ya ƙara digiri na biyu, sa'an nan ya koyi aiki a asibiti irin na Aro a Abeokuta. Amma yaron da ya firgita, da Hausa ko Barbarci yake faɗin abin da ke cinsa. In namu ba su yi karatun ba, sai dai a nemo tafinta.