Inda Mashayi Za Ya Sami Abokan Barin Giya

 Maganarmu ta yau a kan mutumin da giya ta kama ne, wanda ya ke so ya bari amma ya kasa.

Kun san shi. Ya kan fito kasuwa da jari, ya koma gida da bashi. Da safe ya rantse ba za ya ƙara ba, kafin magariba sai ga shi a gidan burkutu. Mutane su kan ce ba shi da kunya. Amma likitoci sun ce abin ya riga ya zama ciwo, gama jikinsa ya saba, har hannunsa ya kan yi rawa in bai sha ba. Zagi ba ya warkar da wannan ciwo. Rantsuwar da mutum ya yi shi kaɗai kuma ba ta cika daɗewa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku ji abin da ya faru a Amurka a shekara ta 1935. Wani dillali mai suna Bill Wilson, wanda ya yi watanni bai sha ba, ya tafi garin Akuron domin ciniki. Cinikin ya lalace, ƙishin giya ya taso masa. Sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi, su yi magana. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa ɓata masa aiki. Likitan ya ce minti goma sha biyar kaɗai za ya ba shi, amma suka yi sa'o'i suna zance, gama ya sami wanda ya san ciwon a jikinsa. Ran 10 ga Yuni ne a ke lissafin kurɓinsa na ƙarshe, bai sake sha ba har ya rasu a 1950.

Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi, watau mashayan da ba a bayyana sunansu. A ƙasashen da a ke jin Faransanci a kan ce Alcooliques Anonymes, a gajarce kuwa AA. Yau tana cikin ƙasashe kimanin 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: mutum ya so barin sha. Ba kuɗin shiga. Ba ta wani addini ba ce, Musulmi da Kirista duka suna zama. Taron ya kan ɗauki kamar sa'a ɗaya. Mutum ya faɗi sunansa na fari kaɗai, wanda ya ke so ya yi magana ya yi, wanda ba ya so ya yi shiru ya saurara. Abin da aka faɗa a ɗakin, nan ya ke tsayawa. Ba su cewa ka ɗauki alkawarin shekara. Su kan ce, yau kaɗai kada ka sha, gobe kuma ka sake cewa yau.

To, ina za ka same su?

Na fari, ka tafi asibiti ka gaya wa likita gaskiyar yawan abin da ka ke sha, ka tambaye shi inda a ke irin wannan taro. Kada ka tsallake wannan. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku ya kan iya kamuwa da jijjiga da gane-gane, har rai ya kan tafi. Likita yana da maganin da za ya tsare ka a kwanakin nan.

Na biyu, ka tambayi fasto ko liman wanda ka amince da riƙon asirinsa. Akwai kuma ƙungiyar Croix-Bleue, wadda wani fasto ya kafa a Janiba a 1877 domin taimakon mashaya. Tana aiki a Cadi, a Gana kuwa a kan kira ta Blue Cross.

Na uku, in kana da waya mai intanet, ka rubuta sunan AA da sunan garinku ko babban birnin ƙasarku. Waɗansu tarurruka ta waya a ke yinsu, mutum yana zaune a ɗakinsa.

In ka nema ba ka samu ba, ka tuna mutum biyu ne suka fara. Ka nemi wani mai ciwo irin naka, ku sa rana da lokaci kowane mako, a wurin da ba a sayar da giya. Wanda ya faɗi, kada ku kore shi. Ya dawo ya sake ƙirga daga ɗaya.

Ke kuma matar mashayi, da kai ɗansa, akwai taro irin wannan dominku, sunansa Al-Anon, an kafa shi a 1951. Ku ma ku tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Ɗan'uwana, kada ka jira sai rumfa ta rufe, ko hanta ta kumbura. Ka yi tambayar nan yau. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya. Sai mako mai zuwa.