Kwamfuta Ba Ta Taɓa Cin Kasuwar Tsamiya Ba

Lokacin kaɗan ne, don haka bari in shiga magana.

Kowa a zauren nan ya san yadda ake binciken gidaje, ba zan tsaya bayanin zaɓen gidaje ba. Rigimata da wasu abokan aikina ta daɗe, kuma a kan abu ɗaya ce: me ake yi wa amsa idan ta ci karo da wata amsar, tun daga shigar da ita kwamfuta har zuwa tacewa? Su a ganinsu, aikin mai tacewa shi ne ya miƙa bayanan da babu saɓani ko ɗaya a ciki. Ni kuwa na ce a wuri irin Bagudo da ke bakin iyakar Kebbi da Benin, duk bayanan da suka iso ofis sumul, to aski aka yi musu, kuma askin ya haɗa da fata.

Ku tuna abin da ke rataye a wuyan waɗannan alƙaluma. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya ce kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma 252 cikin kowace haihuwa 1,000 ba sa kai shekara biyar. A lokacin, babu jihar da ta kai mu a duka biyun. Gidaje wajen 42,000 aka zaɓa a faɗin ƙasar, 30 a kowane rukuni. Idan aka raba, rabon jiha bai wuce dubu da 'yan kai ba. Ke nan gida ɗaya a Illo ko Ka'oje yana magana ne da yawun ɗaruruwan gidaje. Wanda ya taɓa amsar gidan nan, ya taɓa su duka.

Yanzu ga maganar da na fi damuwa da ita, wato kuɗi. Takardar tambaya gurbi ɗaya take bayarwa, kuma naira ce a kansa. Amma mutumin Tsamiya da ke cin kasuwa a Segbana, ko na Lolo da ke sarin kaya a Malanville, duka a Benin, kuɗi biyu ne a aljihunsa, naira da sefa. Waɗanda suka saba da sefa kuma da dala suke ƙidaya, dala ɗaya sefa biyar. Idan ya ce maka ya sayi mai na ɗari biyu, yana iya nufin sefa 1,000. Yaron da muka tura ya taso a Birnin Kebbi, bai taɓa riƙe sefa ba, sai ya rubuta naira 200. A canjin 2024, sefa 1,000 ta kai wajen naira 2,500. Kun ga an rage abin da gidan ya kashe fiye da ninki goma sha biyu, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Kuma kuskuren ba ya zuwa ta fuska ɗaya. A 2019 sefa 1,000 ba ta wuce naira ɗari shida da 'yan kai ba, don haka wanda ya rubuta sefa a gurbin naira ya kumbura kashe kuɗin gidan ne. Bayan an saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, sai wannan kuskuren dai ya koma rage shi. Mai kwatanta shekarun biyu zai rubuta rahoto cewa talauci ya yi tsalle a bakin iyaka fiye da yadda ya yi, alhali wani ɓangare na tsallen daga alƙalaminmu ya fito. Layin talaucin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ja a bincikenta na 2018 zuwa 2019 naira 137,430 ne ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana. A irin wannan ƙunci, kuskuren dala kaɗai ya isa ya tsallakar da gida daga wannan gefen layin zuwa wancan.

To me kwamfuta take yi? Tana ganin farashin kwanon shinkafa ya fita daga iyakar da aka sa mata, sai ta ɗaga tuta. Nan ta yi daidai. Laifin yana wajen mutum: mai tacewa a ofis ya goge adadin, ya cusa matsakaicin farashin jiha. Ya manta an rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, kuma a Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya faɗi tsadar fetur a Lolo a lokacin, gaskiya ya faɗa. Matsakaicin jihar ne ƙarya a gidansa. Ban ma taɓo kwano da tiya da buhu ba, waɗanda girmansu yake sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa.

Haka abin yake wajen shekaru. Uwa mai shekara 24, ɗa mai 15, kwamfuta ta ce ba zai yiwu ba. Mai gaggawa sai ya ƙara wa uwar shekara goma. Wanda ya san gidajenmu zai fara tambaya ko ɗan kishiya ne, ko ɗan riƙo, aka liƙa shi a layin matar da ba ita ta haife shi ba. Yaron da ya yi karatu a Benin kuma, tsarin Faransa yake bi, inda ajin da ake kira na shida shi ne shekarar farko ta sakandare. A fom ɗinmu sai ya koma ɗan firamare.

Za a ce mini tun 1976 Fellegi da Holt suka shimfiɗa ƙa'idar gyara ta na'ura: a canja mafi ƙarancin gurabe har amsoshi su daidaita. Na karanta, na kuma koyar da ita. Ƙa'idar tana gaya maka gurbi nawa za ka taɓa, ba ta gaya maka wane ne ya haifi yaron. Za a kuma ce komawa ƙauye tsada ne. Rijiyar da aka haƙa inda ba a buƙata, ko abincin yaran da bai je inda ake yunwa ba, sun fi tsada. Masu cewa kwamfutar hannu ta raba gardama, su je su ga yadda mai tambaya yake yi idan manhaja ta ƙi wucewa ga rana tana faɗuwa: yana canja lambar ne har ta karɓa. Saɓanin da da za mu gani a takarda, yanzu tun a ƙofar gida ake binne shi.

Abin da nake kira a kai shekara da shekaru bai canja ba. A warware saɓani tun ayarin masu tambaya yana garin, mai duba aiki ya bi fom ɗin a daren, a koma gidan da safe. A sa gurbin nau'in kuɗi da na ma'auni kusa da kowane adadi, a rubuta canjin ranar daga bakin 'yan canjin kasuwar. Manhaja ta yi gargaɗi ta nemi bayani, kada ta toshe hanya sai a kan abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Kowane ayari ya ƙunshi mai jin Dandanci ko Zabarmanci, da Fulatanci, da Busanci, kuma mata su tambayi mata. A ba su kalandar abubuwan da mutane ke tunawa, kamar ambaliyar 2020 da canjin kuɗin 2023, domin a daina tara shekaru a kan 30 da 35 da 40. Abin da ya gagara warwarewa, a rubuta ba a sani ba, wannan ba abin kunya ba ne.

Na ƙarshe, kuma a kansa ba na sassauci: a ajiye amsar asali yadda ta fito daga bakin mai gida, kada a rubuta komai a kanta. Kowane gyara ya zo da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalilinsa. Ina roƙon daraktocin da ke nan, kada ku sa hannu a kan rahoton da bai zo da wannan rajistar ba.