Motar da Ta Ƙi Bin Umarnin Direba

Tun da aka damƙa ragamar totur ga kwamfuta, sabuwar mota ma ba ta kuɓuta daga aibi ba. Hujja ita ce al'amarin Toyota a Amurka, inda aka janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda zabura da gudu ba da iznin direba ba. Kamfanin ya ɗora laifi kan shimfiɗar ƙafa da maƙalewar totur, alhali a 2013 wata kotu a Oklahoma ta aza alhakin wani hatsari kan na'urar lantarkin da ke sarrafa totur.

Wanda wannan musiba ta auka masa, wajibi ne ya danne birki ba sassautawa, ya mayar da giya firi, ya gangara gefen hanya, kana ya kashe inji, domin kashe shi cikin gudu yakan sa sitiyari ya yi tauri.