Kafin a Taɓa Kuɗin Akwati

Iyayena da 'yan uwana mata na Batsari da Safana.

Yau kan waya zan yi magana. In za mu sayi taki ko keken ɗinki, ko muna neman bankin ajiya, sai mu sa yaro ya duba mana a Google. To ku sani, abin da ya fito a sama ba lallai shi kuka nema ba. Kamfani yakan biya Google don duk wadda ta rubuta sunan abokin hamayyarsa, tallarsa ta riga fitowa. Kamar ɗan kamasho ne, ya tare ki a bakin tasha ya ja ki wata mota.

In kun ga kalmar "Sponsored" a kai, talla ce.

Kuɗin akwati amana ne, gumin rogonmu da gyaɗarmu. A karanta sunan da kyau. A kira lambar da aka sani. Kada a tura ko kwabo sai shugaba da ma'aji sun amince. In an cuce ku, hukumar FCCPC tana karɓar koken masu saye, amma rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiyarmu.