Faɗuwar Sukarin Jini A Kan Gadon Asibiti



Galibin mutane idan aka ambaci ciwon sukari hauhawarsa suke tsoro, alhali kuwa hawan sukari yakan ɗauki kwanaki ko shekaru kafin ɓarnarsa ta bayyana, amma faɗuwarsa tana iya nakasa ƙwaƙwalwa tsakanin isha'i da asuba, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, da abin da jini ke kawo mata take rayuwa a kowane lokaci. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan musiba a cikin asibiti akasari daga hannunmu take fitowa, mu da aka damƙa wa amanar maras lafiya, ta hanyar allurar insulin ko ƙwayar maganin da muka bayar da kyakkyawar niyya.

Masana sun yi ittifaƙi a kan haddi: sukarin da ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a ma'aunin mmol/L, ya wajaba a tashi masa nan take, wanda ya yi ƙasa da 54 kuwa ya shiga haɗari bayyananne. An taɓa zaton cewa matse sukarin masu tsananin jinya har ya daidaita da na lafiyayye shi ne mafi alheri, sai binciken nan mai suna NICE-SUGAR, wanda aka gudanar a kan mutum 6,104 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada, aka buga shi a 2009, ya nuna cewa kashi 27.5 cikin ɗari na waɗanda aka matsa wa sun rasu cikin kwana 90, a gefe guda kuma kashi 24.9 ne suka rasu cikin waɗanda aka sassauta wa. Saboda wannan hujja da makamantanta ake shawartar a riƙe sukarin mafi yawan waɗanda ke kwance tsakanin 140 da 180.

Sababan suna da yawa: ƙoda ta yi rauni insulin ya daɗe a jiki, ko an rage maganin sitiroyid ba a rage allura ba, ko an hana mutum abinci saboda tiyata sa'an nan aka ɗaga tiyatar, ko an yi masa ƙarin ruwan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro, shi kuwa kwinin yana tsokano insulin daga cikin jiki. Amma sababin da ya fi yawa a ɗakunan jinyarmu shi ne saɓani tsakanin lokacin allura da lokacin abinci. A asibitocinmu da dama daga gida ake kawo abinci; malamar jinya ta zo da magariba ta yi allura bisa ƙa'idar da aka rubuta mata, kwanon tuwo kuwa yana hannun yaron da bai samu abin hawa ba tukuna, ko ya iso amma dattijo ya ɗanɗana loma biyu ya ture, ya ce bakinsa ba daɗi. Tambaya guda, "Baba, abinci ya iso? Za ka iya ci?", da za a yi ta kafin a tsira allura, da ta hana abin da ke aukuwa da tsakar dare.

Alamun farko su ne gumi mai sanyi, makyarkyata, bugun zuciya da yunwa. Bayansu sai ruɗewa, da magana marar kan gado, har farfaɗiya da suma. Tsoho, da wanda ya daɗe da ciwon, da mai barci, sau da yawa ba sa jin na farkon. A nan ne mai jinya, wadda ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ta fi kowa amfani, muddin an karantar da ita. In ba haka ba, sai ta ga mijinta yana surutai ta ɗauka iska ce ta taɓa shi, ta ɗaga kansa ta ɗura masa rubutu yana sume, ruwan ya sarƙe shi ya gangara huhu. Addu'a ba ta hana kiran malamar jinya, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki.

Idan maras lafiya yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 zuwa 20 na sukari mai saurin shiga jini, kimanin ƙaramin cokali huɗu a cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, a maimaita in bai haura 70 ba, in ya haura a bi shi da abinci mai riƙe ciki kamar burodi ko kunu. Idan ya suma, a kwantar da shi a gefensa, a ba shi gulukos ta jijiya, mililita 150 zuwa 200 na mai ƙarfin kashi 10 cikin minti 15. In jijiya ta ƙi samuwa, a yi masa allurar gulukagon miligiram 1 a tsoka, tare da sanin cewa ba ta cika aiki ga mai ciwon hanta ko wanda yunwa ta daɗe da cinye shi ba.

Farfaɗowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Wanda ƙwayar gilibenkilamaid, wadda aka fi sani da Daonil, ta kayar da shi, musamman mai raunin ƙoda, yana iya sake faɗuwa har washegari, don haka a ci gaba da ƙarin ruwa da awo. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya kuwa kada tsoro ya sa a yanke masa insulin ɗungurungum, sai dai likita ya duba adadin ya rage. Wanda ya nace zai yi azumi a kan gado, a tunatar da shi cikin ladabi cewa shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, ya rama idan ya warke. A rubuta lokacin da abin ya auku, da adadin da na'ura ta nuna, da abin da aka bayar, a kuma faɗa wa masu karɓar aiki baki da baki, domin wanda sukarinsa ya faɗi sau ɗaya shi ne mafi kusa da sake faɗuwa kafin a sallame shi.